Ƙarfen Dunduniya

Duk wanda ya taɓa zama a layin nan ya san Baba Ƙusa, ko da bai taɓa ganin cikakkiyar fuskarsa ba. Ina ma za ka gan ta? Kansa kullum a sunkuye yake, leɓensa cike da ƙananan ƙusoshi, in ka gaishe shi sai dai ya amsa ta hanci. Shagonsa wani ɗan lungu ne a ƙarƙashin matattakalar benen da suke haya, wurin da asali aka yi don ajiye tsintsiya da bokiti. A nan ya cusa benci, da ƙafar ƙarfen da yake kifa takalmi a kai, da basilla, da gwangwanayen gam, da wata tsohuwar rediyo mai yawan tari. Tun yana saurayi ya shiga lungun, bayansa ya lanƙwashe daidai da rufin, har matarsa kan ce ko filin ƙwallo aka ba shi sai ya nemi inda zai duƙa.

Mutum ne da ya san jama'a ta ƙafa. Ka gaya masa sunanka yau, gobe ya manta. Amma ka taso daga hawa na sama, tun ba ka yi nisa ba zai ce ga mai jan ƙafar hagu nan tafe, yau ma ya makara. Ba duba yake yi ba, matattakalar ce bisa kansa shekara da shekaru, kowa ya taka sai ya ji.

Matar ma ta ƙafa ya same ta. Wata yarinya ce mai aiki a gidan wanki da guga, mai tafiya kamar an biyo ta, ta kawo takalmi dunduniya ta cinye. Ya gyara. Ba a jima ba ta sake kawowa. Ya ce mata ita ba tafiya take yi ba, faɗa take da ƙasa. Ta ce shi ma ba gyara yake yi ba, lallashin takalmi yake. Daga ranar ya laƙaba mata Mai Sauri, sunan ya bi ta har ɗakin aure. Allah ya ba su 'ya ɗaya, wadda tun tana 'yar mitsitsiya take ɗaure wa kyanwar maƙwabta ƙafa da tsumma, suka riƙa kiranta Likita. Ba ta zama likitan ba, ma'aikaciyar jinya ta zama a wani gari mai nisa inda ta yi aure, amma sunan ya zauna mata.

To, tsufa ya zo, kuma bai zo musu ta hanya ɗaya ba. Shi baya ya kama masa, ita kai. Abin ya fara da ƙananan abubuwan da ake dariya a kansu: mabuɗi a cikin firij, miyar da aka sa wa gishiri aka sake sawa. Sai dutsen guga a kunne an bar shi kan riga. Sai wata safiya ta fita sayen burodi, shiru shiru, har wata maƙwabciya ta tsince ta a tashar bas sanye da tsohuwar rigar aikinta, wai tana jiran motar zuwa gidan wanki. Gidan wankin kuwa an daɗe da rushe shi, kantin sayar da wayoyi ne yanzu a wurin.

Bai gaya wa Likita ba. Ba mugunta ba ce, tsoro ne. Ta taɓa faɗa masa a waya, da muryar nan tata ta asibiti, cewa in mantuwar Mama ta kai ga fita daga gida, za ta zo ta ɗauke ta. Tana da ɗaki a can saman wani dogon bene, ƙofa da makulli, ga mai kula da ita da rana. Ɗakin ɗaya ne, gidan kuma na suruki. Baba Ƙusa ya auna ya ga in aka yi haka an gama da su duka: mace mai faɗa da ƙasa a bayan makulli, shi kuma a lungu yana sauraren rufin da ba kowa a bisansa. Don haka duk lokacin da Likita ta bugo ta tambaya, sai ya cire ƙusoshi daga baki ya ce lafiya lau, ga ta nan ma tana yi masa tsiya.

Dabarar da ya yi ta mai takalmi ce. Ya yanko 'yan ƙarafa masu siffar jinjirin wata, ya bi takalman matarsa kaf ya kafa musu a dunduniya, har da silifas ɗin cikin gida. Da ta tambaye shi, ya ce don kada dunduniya ta cinye ne, shi ya gaji da yi mata aiki kyauta. Ta ja tsaki ta ce Allah ya shirye shi. Ɗakinsu kuwa a hawa na farko yake, daidai bisa shagon. Tun daga nan yini yake yana aiki kunnensa na sama. Ƙwas, ƙwas, ta shiga kicin. Ƙwas, ƙwas, ta je taga. In ya ji shiru, ya san tana zaune, sai ya saki numfashi ya ci gaba da ɗinki. In kuwa ƙarar ta nufo matattakala, sai ya ajiye guduma ya fito kamar dacewa aka yi, ya ce dama yana son miƙe baya, bari ya raka ta. Haka suka yi ta lallaɓawa, ba wanda ya sani sai shi da Allah.

Sai ga Likita ta samu hutu ta zo.

Kafin ta iso ya share ɗaki, ya fitar da cokula daga aljihun tufafi, ya ɓoye rigar da guga ta ƙona. Allah ya taimake shi kwanakin farko Mai Sauri ta tashi garau, har tana tuna wa 'yar tata labarin kyanwar maƙwabta. Amma idon ma'aikaciyar jinya ba abin wasa ba ne. Yana ganin yadda take bin uwar da kallo ta gefen ido, tana jefa mata 'yan tambayoyi cikin hira, shi kuma yana tsoma baki da amsa kafin a kai ƙarshe.

Ana cikin haka Likita ta fito da tikiti ta ce gobe za su tsohuwar fada. Fadar wasu sarakuna ce na da can, da mulkinsu ya ƙare aka mayar da ita gidan adana zane-zane, mutane na zuwa kallo daga ko'ina. Mai Sauri ta daɗe da burin shiga. A zamanin aikinta, gidan wankinsu ne ke karɓar labulen fadar, dogaye masu nauyi da sai an kama wa mai guga. Ta goge su har hannunta ya yi kanta, amma ba ta taɓa ganin tagogin da ake rataye su ba. Kullum in bas ya wuce ta gaban ginin sai ta ce wata rana.

Baba Ƙusa ya kawo uzuri iri-iri. Bayansa, takalmin wani ango, ruwan da rediyo ta ce za a yi. Likita ta saurare shi har ya gama, sannan ta ce ba komai, ya huta, ita da Mama sa je. Nan take bayan ya warke.

A cikin bas ya lallashi kansa. Ai a kan titi ma, cikin hayaniyar motoci, yana tsinto ƙarar ƙarfen nan, balle a cikin gini. Suka sauka, suka bi layi, aka duba jaka, aka karɓi tikiti. Har ya fara sakin jiki, sai ga wata mata a gindin wata ƙatuwar matattakala da kwando a gabanta, tana miƙa wa kowa wasu 'yan jakunkunan ƙyalle masu launin toka. Wai a kan takalmi ake sawa. Daɓen fadar tsohon katako ne da aka jera da ado, ba a yarda ƙasan takalmi ya taɓa shi ba.

Ya matsa ya rage murya ya ce wa matar a yi musu afuwa, tsofaffi ne, kada santsi ya kwashe su. Ta yi murmushi ta ce ba wanda ya taɓa faɗuwa, doka ce, kowa sai ya sa. Ta kalli ƙafar Mai Sauri ta ƙara da cewa wannan mai ƙarfen ai shi ya fi kowane buƙata. Likita na tsaye tana ji. Ba yadda zai yi, ya durƙusa da kansa ya sa wa matarsa ƙyallen, ya ja robar bakin ya gyara zamanta. Ta miƙe ta taka, ta sake takawa. Ko motsi bai ji ba.

Ya kama gefen hannun rigarta. Ta fizge ta ce, "Malam, sake ni mana, a gaban yarinya?"

Ai kuwa suka shiga. Mai son kallo ya samu abin kallo a gidan nan. Ɗaki na buɗewa cikin ɗaki, wani na buɗewa cikin wani, kowanne da ƙofofi ta ko'ina. Rufi can sama an zane shi da gajimare da mutane masu fukafukai, fitilu na reto, bango kuwa ba masaka tsinke don hotuna: jiragen ruwa cikin guguwa, kwanon 'ya'yan itace, tsofaffin attajirai masu tumbi, da wasu mata da mai zanen ya manta bai ba su isasshen yadi ba. Baba Ƙusa bai ga ko ɗaya da kyau ba. Da Likita ta tsayar da shi gaban hoton wani basarake mai tsayin ƙofa ta ce ya faɗi ra'ayinsa, ya ɗan ɗaga ido ya ce takalman mutumin duka na ƙafar hagu ne, shi ya sa ya ɓata rai. Mai Sauri ta yi dariya har da riƙe ciki. Shi ko murmushi bai iya ba.

Abin da ya fi ɗaga masa hankali ƙafafun ne. Jama'a maƙil, amma kowa ƙafarsa toka, kowa na sulalewa shiru kamar kyanwa. Babba da yaro, mace da namiji, duk an mayar da su ƙafa ɗaya. Mutumin da ya san duniya ta takalmi da sautin taku, an rufe masa ido an toshe masa kunne a lokaci guda. Zufa ta keto masa duk da sanyin wurin. Yana tafe yana waige, yana tafe yana waige, har wuyansa ya ƙage.

Sun yi nisa ciki sai wayar Likita ta yi ƙara, daga wurin aiki. Mai tsaron ɗakin ya nuna mata hanyar baranda da hannu. Ta zaunar da su kan wani benci mai laushi a tsakiyar ɗakin ta ce su jira ta nan, yanzu za ta dawo. Suka zauna. Ya ji daɗin zaman, don ko ba komai kafaɗarta na taɓa tasa.

Sai wata tawagar baƙi ta kwararo, suna bin wani mai ɗaga lema a rufe. Suka cika ɗakin, suka kewaye bencin. Wani dattijo a cikinsu ya yi tuntuɓe daidai gaban Baba Ƙusa, ƙyallen ƙafarsa ya zame, sai ga takalmi ya wangale baki, ƙasansa ya rabu da sama har tsakiya. Ka san hali. Kafin ya yi tunani hannunsa ya riga ya kai. Ya sauka daga bencin ya kama ƙafar mutumin, ya zaro ɗan zaren da ba ya rabuwa da aljihunsa, ya naɗe bakin takalmin ya ɗaure, ya mayar da ƙyallen. Mutumin na ta godiya da wani yare. Duk wannan lokacin hankalin Baba Ƙusa kwance yake, don kunnensa na bayansa, kuma shiru yake ji. Shiru kuwa, a wurinsa, tana zaune ke nan.

Ya juyo. Bencin ba kowa.

Da farko bai ma yarda ba, har ya shafa wurin da ta zauna, da ɗumi. Ya miƙe ya duba ƙafafu, toka, toka, toka. Tawagar ta fice ta wata ƙofa, wasu suka shigo ta wata. Ya bi ƙofar da tawagar ta fice da sauri, ƙafarsa na zamewa, ya kutsa cikin baƙin yana leƙa fuskoki, abin da bai saba ba. Ba ta ciki. Ya dawo ya bi wata ƙofar, ya faɗa ɗaki cike da gumakan dutse marasa hannuwa. Ya wuce wani, ya wuce wani. Ya so ya kira ta, to da wane suna? Ya buɗe baki a gidan da ko tari ba a yi da ƙarfi ya ce Mai Sauri? Ya fasa.

Wani mai tsaro ya ga yadda yake zare ido ya tare shi cikin ladabi. Baba Ƙusa ya ce matarsa yake nema. Mai tsaron ya tambayi irin kayan da ta sa. Wallahi bai sani ba. Shuɗi ne, kore ne, bai duba ba. Abin da ya iya faɗa shi ne takalmi ruwan ƙasa mai maɗauri a gefe, ƙafar dama ta fi cinyewa ta waje. Mai tsaron ya kalli ƙafafun jama'a, ya kalle shi, ya ce kada ya damu, za a yi sanarwa ta lasifika, duk gidan zai ji.

Duk gidan, har da baranda. Baba Ƙusa ya ce a'a, a'a, a bari, ya ma tuna inda take. Ya juya ya bar mutumin a tsaye.

Ya tuna labule, sai ya riƙa bin tagogi. Kowane ɗaki ya shiga ya nufi gefen haske, ya leƙa bayan labulen, ba ta nan. Daga wata taga ya hango farfajiyar gidan can ƙasa, da babbar ƙofa a buɗe, da titi, da bas-bas na tsayawa suna kwasar mutane. In ta sauka matattakalar nan fa, da ƙyalle a ƙafa, da saurin nan nata? In ta fita ta ga bas ta ce na gidan wanki ne? Wannan ba unguwarsu ba ce da maƙwabciya za ta tsince ta. Ba ta da waya, kuma ba kullum take tuna sunan layinsu ba. Shi kuma yanzu-yanzu, da bakinsa, ya hana a neme ta, don kada 'yarsa ta ji. Ya ji kunyar kansa irin wadda bai taɓa ji ba. Ya ce a ransa gara a ɗauke ta, gara makullin, in dai tana raye a bayansa.

Da tambaya ya koma ɗakin bencin. Likita na tsaye a wurin, waya a hannu, tana dube-dube. Tana ganinsa shi kaɗai fuskarta ta canja.

"Likita, na ɓatar da mamanki," ya ce. "Kuma ba yau ta fara ba."

Sauran ya fito a hargitse, tashar bas, rigar aiki, dutsen guga, da duk lafiya lau ɗin da ya yi ta faɗa a waya. Ba ta yi masa faɗa ba, da ma ta yi da ya fi masa sauƙi. Ta ce mayafin Mama ruwan zuma ne, ya zo su je wurin masu tsaro. Ta yi gaba yana binta, kansa a ƙasa.

Sun kai bakin wata ƙofa ke nan ya tsaya cak. Ya ɗaga hannu ya ce ta yi shiru. Ta ce ba ta ji komai ba. Ya rufe ido. Can ƙasa da raɗe-raɗen jama'a da shuu ɗin ƙyallaye, daga nesa ta hannun hagu, ga ta nan. Ƙwas. Sai shiru. Ƙwas. Ba tafiya ba ce, ya san tafiyarta ko cikin barci. Wannan bugu ne, ɗaya bayan ɗaya, a natse.

Bai san yana da sauran gudu a jikinsa ba sai ranar. Ya ratsa ɗakin jiragen ruwa, ya tsaya ya saurara, ya karkata ta wata siririyar ƙofa da ɗazu ya wuce bai kula ba. Ta kai shi wani dogon soro mai daɓen dutse, tagogi jere tun daga ƙasa har rufi, kowace da jan labule mai nauyi. A can ƙarshe Mai Sauri ce zaune kan kujerar mai tsaro. Ta cire ƙyallen ƙafar dama ta ninke shi tsaf a kan cinyarta, tana ɗaga dunduniya tana sauke ta kan dutsen. Wata matashiya mai kayan aiki na tsaye a gefenta.

Matashiyar ce ta yi bayani. Ta ce ta tarar da Mama tana shafa gefen labule tana cewa ba a goge shi ta ciki ba. Ta tambaye ta da wa ta zo, ta ce da mijinta. Ta tambayi sunansa, Mama ta yi ta nema, sunan bai zo ba, har idonta ya kawo ruwa. Ta so ta kai ta ofis, Mama ta ƙi tashi, ta ce in ta matsa daga nan mijinta zai sha wuya. Sai ta cire ƙyallen ta fara bugawa. Da yake daɓen nan dutse ne, matashiyar ta ƙyale ta. Abin da kawai Mama ta riƙa maimaitawa shi ne, mai takalmin zai ji.

Mai Sauri ta ɗago ta dube shi, ga shi yana haki, ƙyallen ƙafarsa ɗaya ya juya baya. Ta ce, "Ka daɗe."

Ya durƙusa a gabanta, wai zai mayar mata da ƙyallen. Likita ta tsuguna kusa da shi, ta ɗaga ƙafar uwar ta shafa ƙarfen da yatsa, ta tambaye shi wannan na mene ne. Baki ya saba, sai ya fara cewa don kada dunduniya ta cinye ne.

"Ƙarya yake," in ji Mai Sauri. "Don ya riƙa jin inda nake ne. Tun ranar da ya kafa na sani. Na ƙyale shi ne don hankalinsa ya kwanta." Ta kalli ƙafarsa. "Amma shi bai sa wa nasa ba. Ni ma ai neman sa nake, ban ji shi ba."

Baba Ƙusa bai ɗago ba. Hawaye ne ke ɗiga kan ƙyallen da ke hannunsa, kuma bai damu da wa ke kallo ba. Duk tsawon lokacin nan ya ɗauka shi kaɗai ke tsoro a gidan.

Ba su ƙarasa kallon ba. Sai dai kafin su fita Mai Sauri ta tsaya ta ɗaga kai ta bi tagogin da ido har sama, ta ce ashe shi ya sa labulen ba sa ƙarewa. A cikin bas Likita na riƙe da hannun uwarta tana kallon waje. Shi kuwa yana zaune yana jiran hukunci, har ya fara tunanin wane akwati ne zai ɗauki kayan matarsa.

Sai da suka isa gida, Mai Sauri ta shiga kicin, sannan Likita ta tsayar da shi a bakin ƙofa. Ta ce ɓoyewar da ya yi mata ta yi mata ciwo, kuma ba yau za ta huce ba. Gobe da safe su ukun za su asibiti. Daga yau in ta bugo ta tambaya, gaskiya take so, ko mai ɗaci ce. Ya ce to, ya ce to. Ta share ido da bakin mayafi ta ce gidanta ko'ina kafet ne, in Mama ta buga ƙafa a can ba mai ji. Don haka za ta bar ta a nan, amma kada ya ɗauka ta ce har abada.

Ya gyaɗa kai ya sauka shago. Rana ta yi sanyi, masu dawowa daga aiki na ta hawa bisa kansa. Ya cire takalmansa, waɗanda rabonsu da gyara har ya manta, ya kifa ɗaya kan ƙafar ƙarfen, ya lalubo ragowar 'yan ƙarafan a gindin gwangwani, ya cika baki da ƙusoshi. Yana bugawa yana jin ta a sama, daga kicin zuwa taga, daga taga zuwa tsakar ɗaki. Ya gama ya sa takalman, ya rufe shago, ya fara hawa. Ƙarar ta ba shi kunya, sai ka ce doki ne ya shigo benen. Daga sama ya ji ƙwas, ƙwas, da sauri, ta nufo ƙofa.

Kafin ya kai, ƙofar ta buɗe. Ta tsaya tana dubansa, leɓenta na motsi tana neman sunan, bai zo ba. Sai ta matsa gefe ta ba shi hanya ta ce, "Shigo, tun daga ƙasa na ji ka."